Gadon Mamacin da Ba a Sani Ba: Yadda Damfarar Wasiƙar Imel Take Aiki

Gabatarwa

A kowace rana ta Allah, fiye da wasiƙun imel biliyan 300 ne suke kai da kawowa a tsakanin kwamfutocin duniya. Daga cikinsu akwai wata iri wadda da wuya a sami mai adireshin imel da bai taɓa cin karo da ita ba. Takan zo ne daga wani wanda ya kira kansa lauya, ko manajan banki a wata ƙasa mai nisa. Yakan ce wani attajiri ya rasu bai bar ɗa ko jika ba, ya kuwa bar dala miliyan kaza a asusunsa. An yi cigiyar magada har an gaji, sai aka tarar sunan mahaifin mai karɓar wasiƙar ya zo daidai da na mamacin. Saboda haka in ya amince za a gabatar da shi a matsayin magaji, a fitar da kuɗin a raba. Abin da ake bukata kawai shi ne ya riƙe sirri, ya kuma amsa da gaggawa.

Babu attajirin, babu asusun, babu kuma gadon. Duk da haka, mutane masu ilimi da hankali sun yi asarar gidaje da gonaki da kuɗin fansho ta wannan hanya. Wannan maƙala za ta duba asalin dabarar, da yadda fasahar imel ta sauƙaƙa ta, da abin da masana lissafi da na halayyar ɗan Adam suka gano game da ita. Wanda ya fahimci yadda tarko yake aiki ba ya bukatar ya haddace kamannin kowane tarko.

Tsohuwar Dabara Cikin Sabuwar Riga

Wannan damfara ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, wasu fursunoni sun riƙa aika wa masu hali wasiƙu, inda marubucin zai ce shi baran wani basarake ne da ya gudu, kuma shi kaɗai ya san inda aka binne akwatin zinariyar maigidansa. In aka taimaka masa da 'yan kuɗi ya fita daga kurkuku, sai a raba dukiyar. Eugène François Vidocq, tsohon ɗan fursuna wanda daga baya ya shugabanci 'yan sandan ciki na birnin Paris, ya bayyana wannan dabara a rubuce-rubucensa. A ƙarni na 19 labarin ya koma na wani attajiri da aka ce yana tsare a kurkukun ƙasar Sifen. Ko a shekarar 1898, jaridar New York Times ta Amurka ta kira ta tsohuwar zamba da aka farfaɗo da ita.

Misalin da ya fi kusa da batun gado shi ne na wani Ba'amurke mai suna Oscar Hartzell. Ya tare a birnin Landan a shekarun 1920, yana aika wa manoma da ƙananan 'yan kasuwa na Amurka labarin cewa ba a raba gadon Francis Drake daidai ba. Shi dai Drake shahararren matuƙin jirgin ruwa ne na Ingila wanda ya mutu tun 1596. Hartzell ya ce dukiyar tana nan tana hauhawa, kuma duk wanda ya ba da dala ɗaya don ɗaukar nauyin shari'a zai sami dala 500. Mutum wajen 70,000 suka zuba kuɗinsu. A 1933 aka koro shi daga Ingila, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara goma, ya mutu a tsare a 1943. Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin waɗanda ya cuta su ne suka tara masa kuɗin lauya, suna ganin gwamnati ce take son ta hana su arzikinsu.

Yadda Lamba 419 Ta Zama Suna

A yau duniya ta san wannan damfara da sunan 419. Lambar ta fito ne daga sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuffuka da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar wani ta hanyar yaudara. A shekarun 1980, lokacin da farashin man fetur ya faɗi, tattalin arzikin ƙasar ya shiga matsi, irin waɗannan wasiƙu suka fara fita da yawa ta gidan waya. Daga baya suka koma ta na'urar fakis, sannan ta imel, bayan da shagunan intanet suka bazu a birane. Abin ya kai har Babban Bankin Nijeriya ya riƙa buga sanarwar gargaɗi a jaridun ƙasashen waje a shekarun 1990.

Masu rubuta wasiƙun suna bin labaran duniya sau da ƙafa. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a watan Yuni na 1998, an yi ta watsa wasiƙun ƙarya da sunan iyalinsa. Bayan haɗarin jirgin saman Concorde kusa da Paris a watan Yuli na 2000, sai wasiƙu suka riƙa cewa attajirin ya mutu ne a wannan jirgi tare da iyalinsa duka, har a haɗa da adireshin labarin haɗarin a wata kafar watsa labarai ta gaske. Haɗarin ya faru, amma gadon ƙarya ne.

Hukumomi ba su zuba ido ba. An kafa doka ta musamman a kan wannan laifi a 1995, hukumar EFCC ta fara aiki a 2003, sannan dokar 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara bakwai ba, bai kuma wuce ashirin ba. Sai dai ya kamata a lura da abu biyu. Na farko, ba daga Nijeriya kaɗai wasiƙun suke fitowa ba, domin an kama gungun masu yin su a ƙasashen Turai da Asiya da sauran sassan Afirka. Na biyu, ba Turawa kaɗai ake cuta ba. Malamin makaranta a Katsina ko ɗan kasuwa a Maraɗi yana iya samun irin wannan saƙo a wayarsa, ta imel ko WhatsApp ko Facebook.

Yadda Imel Yake Tafiya

Don a gane abin da ya sa ƙarya take da sauƙi a imel, sai an san yadda aka gina shi. A 1971 ne wani injiniya mai suna Ray Tomlinson ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan kwamfutar da yake amfani da ita. A 1982 aka tsara ƙa'idar aika wasiƙu da ake kira SMTP, wadda har yanzu a kanta ake tafiya. A wancan zamani masu amfani da hanyar 'yan kaɗan ne, galibi masana a jami'o'i da cibiyoyin bincike waɗanda suka yarda da juna. Saboda haka ba a sa wani matakin tantance mai aikowa ba.

Lamarin ya yi kama da ambulan ɗin gidan waya. Mai aika wasiƙa shi ne yake rubuta sunansa a bayan ambulan, kuma ba mai tambayarsa shaida. Haka nan a imel, kowa yana iya rubuta "Sashen Gado na Banki Kaza" a gurbin sunan mai aikowa. Daga baya an ƙirƙiro hanyoyin tantancewa, irin su SPF da DKIM da DMARC, waɗanda suke taimaka wa kamfanonin imel su gane wasiƙar da ta ari adireshin wani. Sun rage ɓarna ƙwarai, amma ba su hana ɗan damfara buɗe adireshin kyauta da sunan da ya ga dama ba, ko ya yi rajistar adireshi mai kama da na bankin gaske, ya canza harafi ɗaya tak.

Akwai kuma wani gurbi da yawancin mutane ba su lura da shi, wato inda amsa za ta tafi. Wasiƙa tana iya nuna ta fito daga adireshi ɗaya, amma da an danna maɓallin amsawa sai amsar ta nufi wani adireshi dabam. Game da yadda aka sami adireshin mutum kuwa, babu wani sihiri a ciki. Akwai manhajojin da suke bin shafukan intanet suna tsintar adireshi, ana kuma sayar da jerin sunaye da lambobin waya da aka sace daga rumbunan kamfanoni. Sunan mamacin ya zo daidai da na mai karɓa ne domin kwamfuta ce take cike gurbin, kowa da nasa sunan.

Wasiƙar Rariya Ce

Mai karatu zai iya tambaya: tun da labarin ya shahara haka, me ya sa 'yan damfara ba su ƙirƙiro wanda ya fi kama hankali ba? Wani masani a sashen bincike na kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya amsa wannan tambaya a wata maƙala da ya fitar a 2012. Amsar tasa ta lissafi ce.

Aika wasiƙa miliyan ɗaya ta imel kusan kyauta ne. Abin da yake da tsada shi ne lokacin da ɗan damfara zai ɓata a kan kowane mutum da ya amsa: musayar saƙonni, buga waya, haɗa takardun jabu, wani lokaci har tsawon watanni. Duk wanda ya amsa amma ya farga kafin ya biya, asara ce a gare shi.

A ɗauki misali na lissafi kawai. A ce an aika wasiƙa 1,000,000, kuma a cikin masu karɓa mutum goma ne za su iya biya har ƙarshe. In labarin ya yi kama da gaskiya sosai, mai yiwuwa mutum 10,000 su amsa, ɗan damfara ya rasa yadda zai gano goman nan a cikinsu. In kuwa labarin ya cika zuƙi-ta-malle, mutum 100 ne kawai za su amsa, amma yawancin goman suna ciki. A hali na farko, cikin kowace amsa dubu, ɗaya ce mai riba. A na biyu, kusan ɗaya cikin goma. Ashe ke nan rashin kan gadon labarin yana yi masa aiki irin na rariya: masu shakka su zube da kansu, a bar masa waɗanda yake nema.

Darasin da ke nan shi ne, amsa wasiƙar, ko da don wasa ko zagi, tana sanar da mai aikowa cewa adireshin yana aiki kuma akwai mai karantawa. Har ila yau, a da akan ce a lura da kurakuran rubutu. Wannan alama ta yi rauni, domin tun daga 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun yaɗu, suna iya rubuta wasiƙa mai tsabta cikin harsuna da dama, har da Hausa, suna kuma iya kwaikwayon muryar mutum.

Hawa Matakala

Ba a taɓa neman kuɗi mai yawa a wasiƙar farko. Da fari sunan mutum kawai ake tambaya, da sana'arsa da lambar wayarsa. Sai a aiko masa da takardu masu hatimi da tambari: shaidar mutuwa, da takardar ajiya, da hoton fasfon lauya. Bayan ya saki jiki sai a ce ana bukatar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba don rantsuwa a kotu. Da ya biya sai wata matsala ta ɓullo: kuɗin haraji, kuɗin takardar shaidar cewa dukiyar ba ta miyagun ƙwayoyi ba ce, kuɗin kwastan, na goro ga wani jami'i. Kowane biya akan ce shi ne na ƙarshe. Wannan ne ya sa ake iya kiran dabarar damfarar kafin alƙalami.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi gwaje-gwajen da suka nuna dalilin da ya sa hakan take ci. A 1966, Jonathan Freedman da Scott Fraser sun roƙi masu gidaje a jihar Kalifoniya su bari a kafa wani ƙaton allo mara kyan gani a ƙofar gidansu, mai kira ga direbobi su yi tuƙi a hankali. Kashi 17 cikin ɗari ne suka yarda. Amma a cikin waɗanda aka fara roƙa su liƙa wata 'yar ƙaramar takarda mai irin wannan saƙo makonni biyu kafin nan, kashi 76 cikin ɗari suka yarda da ƙaton allon. Wanda ya amince da ƙaramin abu yakan ji nauyin ƙin babba.

A 1985 kuma, Hal Arkes da Catherine Blumer sun yi gwaji da masu sayen tikitin kallon wasan kwaikwayo na tsawon zango a Jami'ar Ohio. Wasu sun biya cikakken kuɗi, wasu aka yi musu ragi ba tare da sun nema ba. Waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo a farkon zangon, alhali wasannin iri ɗaya ne. Ma'ana, abin da mutum ya riga ya kashe yakan ja shi ya ci gaba, don kada ya ji ya yi asara. Wanda ya aika naira dubu ɗari biyar yana ganin in ya tsaya yanzu sun tafi ke nan, in ya ƙara dubu ɗari watakila komai ya dawo. Ta haka ne a 2008 kafofin labarai na Amurka suka ba da labarin wata ma'aikaciyar jinya da ta aika kimanin dala 400,000 cikin shekara biyu, tana jiran gadon wani kakanta, duk da gargaɗin danginta da bankinta.

Sharaɗin riƙe sirri shi ne ginshiƙin da ya riƙe ginin duka. Yana raba mutum da waɗanda za su farkar da shi. Daɗin daɗawa, tun da an sa shi ya amince ya yi iƙirarin dangantaka da wanda bai sani ba, yakan ji tsoron zuwa wurin hukuma, don yana ganin shi ma ya shiga laifi. Ƙarshen abin yakan yi muni. A watan Fabrairu na 2003, wani dattijo da ya yi asarar dukiyarsa ta irin wannan zamba ya harbe ƙaramin jakadan Nijeriya a ofishinsa da ke birnin Prague na Jamhuriyar Cek, mutumin da bai ci ba bai sha ba.

Baƙin Kuɗi da Ilimin Sinadarai

Wani lokaci, in mutum ya fara shakka, sai a gayyace shi ya zo ya ga gadonsa da idonsa. Akan nuna masa akwati cike da baƙaƙen takardu masu girman dala, a ce an rina su ne don kada ɓarayi ko jami'an kan iyaka su gane su. Sai a zaro 'yan ƙwayoyi, a wanke su da wani ruwa, nan take su koma dala ta gaske. Daga nan a ce ruwan ya ƙare, kuma yana da tsada ainun, sai ya kawo kuɗin sayensa.

Ɗalibin da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya san sirrin. In aidin ya haɗu da sitaci sai ya ba da launin shuɗi mai duhu, kusan baƙi. In aka zuba bitamin C, sai ya miƙa wa aidin ƙwayoyin lantarki, ya mayar da shi wani nau'i mara launi, baƙin ya ɓace. 'Yan takardun da aka wanke a gaban mutum kuɗi ne na gaske da aka shafe aka rina da aidin. Sauran abin da ke cikin akwatin baƙar takarda ce da aka yanka daidai girman kuɗi.

Malami yana iya nuna wannan a aji ba tare da kashe kuɗi ba. A dama ɗan koko ko garin rogo da ruwa a kofin gilashi, a ɗiga aidin irin na wanke ciwo, sai ruwan ya yi duhu. A niƙa ƙwayar bitamin C ɗaya a zuba a motsa, sai ya washe. Kada dai a bari kowa ya ɗanɗana. Ɗalibin da ya ga wannan sau ɗaya, ba mai burge shi da wankin kuɗi.

Yadda Gadon Gaskiya Yake Zuwa

Hanya mafi sauƙi ta gane jabu ita ce sanin na ainihi. A shari'ar Musulunci, in mutum ya rasu, daga cikin dukiyarsa ake fitar da kuɗin jana'iza, a biya basussukan da ake bin sa, a zartar da wasiyyarsa muddin ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura ga magada bisa rabon da aka bayyana a Suratun Nisa'i. Ana cin gado ta hanyar dangantakar jini ko aure, kuma akan yi rabon a bainar jama'a, gaban malamai ko alƙali da shaidu. Kamannin suna ba ya sa a ci gado.

A ƙasashen Turai ma haka tsarin yake ta wannan fuska. A Ingila, alal misali, wanda aka ɗora wa kula da dukiyar mamaci shi ne yake biyan haraji da basussuka daga cikinta kafin ya raba. In ba a sami wasiyya ko dangi ba, dukiyar takan koma hannun hukuma. Gaskiya ne akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce neman magadan da suka ɓace, amma a bisa al'ada ladansu wani kaso ne da ake cirewa daga gadon bayan ya fito, kuma dole magaji ya tabbatar da nasabarsa da takardun haihuwa da na aure. Babu ma'aikacin bankin da yake da ikon ya zaɓi baƙo daga wata ƙasa ya miƙa masa ajiyar mamaci. In da zai yi haka, sata ce, wanda ya karɓa kuwa abokin sata ne.

Daga nan ƙa'ida guda ta fito wadda ba ta canzawa, ko wane irin labari aka zo da shi: gadon gaskiya shi yake biyan ɗawainiyar kansa. Wanda yake riƙe da dala miliyan goma ba ya bukatar a aiko masa da dala ɗari biyu kafin ya sake su.

Alamomin da Za a Lura da Su

1. Saƙon ya zo ba zato ba tsammani, daga wanda ba a sani ba, game da mamacin da dangi ba su taɓa jin sunansa ba.

2. An ambaci kuɗi masu yawan gaske, ana kuma tayin raba su kashi-kashi da mai aikowa.

3. An nemi a ɓoye maganar, ko an ƙayyade 'yan kwanaki kafin wai gwamnati ta ƙwace dukiyar.

4. Mai iƙirarin shi lauya ne ko jami'in banki yana amfani da adireshin kyauta irin na Gmail ko Yahoo, ko kuma amsa tana tafiya wani adireshi dabam.

5. An nemi hoton fasfo, ko lambar BVN ko NIN, ko lambobin katin banki, ko lambar sirrin nan da banki yake turowa ta waya. Da waɗannan ana iya kwashe asusun mutum, ko a ci bashi da sunansa.

6. An nemi a biya wani abu tukuna, musamman ta hanyar da kuɗi ba sa dawowa, kamar kuɗin kirifto, ko katin kyauta na kantuna, ko asusun wani mutum dabam.

7. An nemi mutum ya karɓi kuɗi a asusunsa ya tura wa wani. Galibi kuɗin sata ne, kuma mai asusun ne hukuma za ta fara kamawa. Ɗalibai su yi hattara da wannan ƙwarai, domin ana yawan yi musu irin wannan tayi.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya amsa, kada ya danna wani adireshi da ke cikin saƙon, kada kuma ya buɗe takardar da aka maƙala, don tana iya ɗauke da manhajar leƙen asiri. Ya sa wa saƙon alamar tarkace ya goge. In zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya kwafi jimla ɗaya daga wasiƙar ya bincika a intanet, sau da yawa zai tarar an aika wa dubban mutane irinta. Ya tambayi dattawan gidansu ko suna da wani ɗan'uwa a waccan ƙasa. In zai tuntuɓi bankin da aka ambata, ya nemo lambarsu da kansa, ba wadda aka rubuta a wasiƙar ba.

Idan An Riga An Faɗa

Wanda ya riga ya biya, abu na farko shi ne ya tsaya, komai yawan abin da ya tafi. Ya sanar da bankinsa nan take, domin wani lokaci akan iya tsayar da kuɗin in ba a ɓata lokaci ba. Ya canza kalmomin sirrinsa, ya adana saƙonni da rasiɗai, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Ya kuma shirya wa zagaye na biyu, domin 'yan damfara sukan sayar wa junansu sunayen waɗanda suka taɓa biya. Ba da jimawa ba wani zai kira, ya ce shi jami'in tsaro ne ko lauya, an kama ɓarayin, za a dawo masa da kuɗinsa in ya biya ladan aiki. Su ne dai suka sake shiri.

Dangi da abokai su ma suna da rawar takawa. Gori da dariya su suke sa wanda aka cuta ya yi shiru, shirun nan kuwa shi ne abin da ɗan damfara yake so.

Kammalawa

Daga fursunonin Faransa zuwa Oscar Hartzell, daga fakis zuwa WhatsApp, kayan aiki ne suke canzawa, dabarar tana nan yadda take: alkawarin dukiya mai yawa gobe, a madadin kuɗi kaɗan yau. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. A gidaje da yawa ɗalibin sakandare ne yake karanta wa iyaye da kakanni saƙon da ya shigo wayarsu, don haka shi ne mai gadin ƙofa. Yana da kyau malamai su kawo samfurin irin waɗannan wasiƙu aji, a sa ɗalibai su tsamo alamomin da kansu, su yi lissafin rariya, su kuma gwada aidin da bitamin C. Tambayoyin da ake so kowane ɗalibi ya saba yi su ne waɗanda kimiyya take koyarwa kullum: wa ya faɗa, mece ce hujjarsa, ta wace hanya kuma za a tabbatar ba tare da an dogara da bakinsa ba?